Takardar gwajin gado da ta cinye min wata takwas

Ranar da aka yi min tiyatar rage tumbi a Alƙahira nauyina kilo 128 ne, ga ciwon suga, ga gwiwa ta hana ni sallah a tsaye. Aikin kansa an yi shi lafiya, kwana biyu aka sallame ni. Abin da har yau yake ci min rai wata takarda ce mai shafi huɗu da na saya da kuɗina tun kafin in tafi.

Wata ƙawata ce ta ba ni labarin wani kamfani na ƙasar waje. Za ki tofa yawu a 'yar kwalba, a aika musu, su duba ƙwayoyin gadonki su gaya miki yadda jikinki yake sarrafa kitse. Na biya dala 200. Da sakamakon ya zo, sunayen ƙwayoyin gado ne birjik, su PPARG da UCP1, ban gane komai a cikinsu ba. Amma guda ɗaya an yi masa jan layi: FTO. An rubuta cewa na gaji nau'in da ke kawo ƙiba ta wajen uwa da ta wajen uba, jikina ya fi karkata ga tara kitse a kan ƙona shi. Na ninke takardar na sa a durowa, amma maganar ta zauna min a zuciya. Dama tun ina yarinya nake jin ana cewa ƙibar gidanmu ce, Hajiya haka, gwaggonnina haka.

Wata uku na farko kilo 19 suka tafi. Daga nan sikeli ya tsaya cak. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku, lamba ɗaya. Maimakon in kira mai kula da abincinmu, wadda ta ba ni lambarta ta ce in neme ta ko da tsakar dare ne, sai na buɗe durowa na ɗauko takardar nan na sake karanta jan layin. Na ce wa kaina ai dama an faɗa, iya abin da tiyata za ta yi wa mai jini irin nawa ke nan.

Daga ranar na saki jiki. Duk wadda aka yi wa aikin nan ta san yadda nama da ƙwai suke tsayawa a ƙirji, tuwo kuwa loma uku kin cika. Amma kunun gyaɗa ba ya tsayawa. Fura da nono ba ta tsayawa. Shayi mai kauri da madara da suga wucewa yake kamar ba a taɓa tumbin ba. Filas ɗina ba ya rabuwa da ni daga safe har dare, kuma in aka tambaye ni sai in ce wallahi ba na cin komai. Gaskiya nake faɗa a ganina, don ban ɗauki abin sha a matsayin ci ba. Wata takwas na yi a haka, kilo 4 kacal na rage, gashina yana zuba, ga kasala.

Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, an yi mata irin aikin shekara guda kafin nawa, ta sauko daga 131 zuwa 90. Da ta zo gidana na nuna mata takardar ina kuka, na ce, "Yaya, ke Allah Ya taimake ki ba ki kwaso wannan abin ba." Ta daɗe tana kallon filas ɗin da ke gefena, sannan ta ce, "Ki sa a kawo min kwalbar, ni ma in tofa." Bayan sati shida nata ya iso. Jan layi a kan FTO, ta uwa da ta uba, daidai da nawa.

A daren na nemi likitan da ya yi mana aiki ta waya. Bai yi min faɗa ba, tambayata ya yi ko na san nawa wannan FTO ɗin yake ƙara wa mutum. Ya ce masu bincike a Birtaniya ne suka gano alaƙarsa da ƙiba a 2007, kuma wanda ya gaje shi ta ɓangare biyu, a matsakaici, kusan kilo 3 ya fi wanda bai gaje shi ba ko kaɗan. Kilo 3. Ni da na je da 128, na ajiye makamaina saboda kilo 3. Ya tuna min an cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbina, har da sashen da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, kuma takarda ba ta mayar da wannan ba.

Bai ce gado ƙarya ba ne. Ya ce akwai irin ƙibar da ke zuwa ta wata ƙwayar gado mai suna MC4R, wanda kan fara tun ƙuruciya da yunwar da ba ta kwanciya, amma masu shi kaɗan ne kuma likita ne ke neman a gwada shi. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a 2011 a kan waɗanda aka yi wa tiyatar karkatar da hanji, wata irin tiyatar rage ƙiba, inda aka ga 'yan'uwa na jini suna rage nauyi kusa da juna fiye da mata da miji da ke cin tukunya ɗaya. "Hajiya, in kina son ganin abin da gadonki zai iya, ga yayarki nan," in ji shi. Ya ƙara da cewa yawancin binciken da kamfanonin nan suke dogara da shi a kan Turawa aka yi, ba a kanmu ba.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne lokacin. Shekarar farko zuwa wata 18 ne jiki yake sakin nauyi da sauƙi, ni kuwa na zubar da wata takwas daga tsakiyarsu. Tsayawar sikelin da ta firgita ni, ashe kusan kowa tana samunsa. Da na yi kira ɗaya a satin nan, da an tambaye ni me nake sha, da magana ta ƙare.

Don Allah, 'yar'uwa, in sikelinki ya tsaya, ki ɗauki biro ki rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaronki na kwana uku, har da kurɓi ɗaya na zoɓo, kafin ki zargi iyayenki. Ni da na rubuta nawa sai da hannuna ya yi sanyi. Na koma fara kowane ci da kifi ko ƙwai ko wake har in kai giram 60 na furotin a rana, ruwa sai bayan rabin awa da cin abinci, ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini ba fashi.

Yau shekara biyu da aikin, ina kilo 97, alhamdulillahi ina sallah a tsaye, an rage min maganin suga. Yanzu da ƙyar rabin kilo yake sauka a wata. Kilo 7 ne tsakanina da Yaya, kuma na san watannin da na bar su.