Zoben da na gani a gaban jijiyar gani

Wani dattijo mai shekara 64 ya zo mini asibitin ido yana cewa ya tashi sallar asuba ya tarar rabin ƙasa na ganin idonsa na dama ya dushe, babu ciwo babu ja. Da na ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido na leƙa, sai na ga bakin jijiyar gani ya kumbura, alamar jini ya gaza isa gare ta. A gabanta kuma wani ɗan zobe yana shawagi, shaidar cewa ruwa mai kaurin nan da ke cike da ido ya saki bangon baya, kamar yadda yake yi idan shekaru sun ja.

Zoben ne ya ɗauke mini hankali, domin a 2015 likitoci biyu masana ido, Cameron Parsa da William Hoyt, sun kawo ra'ayin cewa fizgar da ruwan yake yi wa bakin jijiyar lokacin rabuwa ita ce asalin wannan cutar, ba gazawar jini ya isa ga jijiyar ba. Marigayi Sohan Hayreh na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda ya daɗe yana danganta ta da ƙananan hanyoyin jini na bayan ido da faɗuwar awon jini cikin dare, bai amince ba.

Na karkata ga bayanin farko tun ban gama tambayoyi ba, kuma nan ne kuskurena. Sai da na ce, "Baba, yaushe kake shan maganin hawan jini?" ya amsa cewa daf da kwanciya, matarsa kuma ta ƙara da cewa minsharinsa har numfashi yake yankewa. Baƙaƙen ɗigon da ke yawo a idonsa kamar ƙudaje sun fi shekara biyu, wato ruwan ya daɗe da saki. Sakin ruwan da cutar jijiyar duk abubuwa ne na tsufa, saboda haka haɗuwarsu a ido ɗaya ba ta isa hujja ba, ko da yake ban kore yiwuwar alaƙa ga wasu marasa lafiya ba.

Na tura shi gwajin jini a ranar don kawar da zargin kumburin hanyoyin jini, wanda kan makantar da ɗaya idon cikin kwanaki, na kuma rubuta wa likitansa game da lokacin shan magani. Bayan wata biyu kumburin ya sauka, jijiyar ta koɗe, rabin ganin bai dawo ba. Idon hagu nake sa wa ido yanzu, domin bakin jijiyarsa matsattse ne, kuma irin wannan ya fi saurin kamuwa da cutar.