Danna maus sau biyu: matsalar da ta tsare ajin dattawanmu a Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kwamfuta da koyar da ita a unguwanninmu. Ranar Asabar da ta wuce, a karon farko tun da ƙungiyarmu ta buɗe ajin dattawa a Aboabo da ke Kumasi, duk wanda ya zauna gaban na'ura ya buɗe foldarsa da hannunsa, ba tare da ɗayanmu ya miƙa hannu ya karɓi maus ɗin ba. Wanda bai taɓa zama kusa da dattijo mai shekara 70 yana koya masa ba zai ga abin bai kai a rubuta shi ba, amma ni na koma gida da farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba, domin wannan danna sau biyun shi ne ya tsare mu wata da watanni.

Tsarin da muka rubuta tun farko ya daɗe da cakuɗewa. Mun so a fara da kunnawa da kashewa, a wuce zuwa maus, sannan kibod, sannan rubuta wasiƙa, a ƙare da intanet. Sai ga wani malami da ya yi aikin akawu a ƙuruciyarsa yana buga sunansa tun ranar farko, ga kuma wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia wadda ba ta da buƙatar komai sai ganin hotunan jikokinta na Italiya a babbar fuskar kwamfuta. Kowa da abin da ya kawo shi, amma dukkansu wuri ɗaya suke tsayawa, wato wajen buɗe fayil ko folda.

Abin yana zuwa ta fuska biyu. Wani lokaci dattijo zai danna, ya ɗan dakata, ya sake dannawa, sai kwamfuta ta ɗauka sunan fayil ɗin yake son canzawa, ta buɗe masa gurbin rubutu, idan kuma hannunsa ya taɓa kibod sunan ya tafi ke nan. Wani lokaci kuma yatsa na kan maɓalli hannu zai ɗan motsa, sai fayil ɗin ya bi kibiyar ya faɗa cikin foldar da ke kusa ya ɓace daga gani. Mu mun san Ctrl da Z suna dawo da shi nan take, amma shi bai sani ba. Sai ya janye hannunsa ya ce, "Ɗana, na ɓata muku na'ura." Babu maganar da take yi mini ciwo a ajin nan kamar wannan, domin mutumin da ya riƙe gida ya aurar da 'ya'ya bai kamata ya zauna yana ba yaro haƙuri a kan abin da ba laifinsa ba ne. Mutum biyu sun daina zuwa a kan haka, sai da muka bi su har gida a Asawase muka lallashe su.

Gyaran da kowa ya sani shi muka fara yi. A saitin maus na Control Panel akwai ma'aunin saurin danna biyu, wanda Windows take barinsa a rabin daƙiƙa, kuma idan aka ja shi zuwa ƙarshen ɓangaren jinkiri yana kaiwa kusan daƙiƙa guda. Wannan ya rage matsalar canza suna sosai, amma folda ta ci gaba da ƙin buɗewa ga mafi yawansu, har ga waɗanda kunnena yake jin sun danna da saurin da ya isa. Daga nan muka haɗa kuɗi muka je Adum muka sayo maus biyu irin mai ƙwallo a sama, wanda jikinsa ba ya motsi sai dai a murza ƙwallon da yatsa. Sidi 700 suka ci, kuɗin da muka tara don sayen fanka, kuma har yau idan zafi ya taso a ɗakin nakan tuna da su. Hajiya ɗaya ce kawai ta ji daɗinsu. Sauran babban yatsansu yakan murza ƙwallon a daidai lokacin da suke dannawa, sai abin ya koma inda yake.

Bakin zaren ya fito ne ranar da na daina kallon fuskar kwamfuta na koma kallon hannun. Na nemi izinin wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, tsohon bafataken goro, na ɗauki hannunsa da wayata a bidiyo mai tafiya a hankali. Dannawarsa biyu suna cikin lokaci sarai. Abin da yake faruwa shi ne, yayin da yatsa ya sauka a karo na farko, duk hannun yakan ɗan tura maus gaba, saboda haka dannawa ta biyu takan sauka a wani wuri dabam. Ita kuwa Windows ba lokaci kaɗai take dubawa ba. Tana kuma buƙatar dannawa ta biyu ta faɗa cikin wani ɗan murabba'i da ke kewaye da ta farko, faɗinsa ɗigo 4, tsawonsa ɗigo 4, wato ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto a fuskar kwamfuta. A fuskokinmu masu ɗigo 1366 a faɗi, wannan fili bai kai ƙwayar gero ba. Matashi yana faɗawa cikinsa bai ma san yana nan ba, hannun da ya tsufa kuwa, ko yake ɗan rawa, da wuya ya dace.

Wannan ma'auni ba ya cikin tagar saitin maus, sai an shiga regedit, manhajar da ake gyara rajistar Windows da ita, inda take ajiye saitunanta. A ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER a buɗe Control Panel, a buɗe Mouse, za a ga DoubleClickWidth da DoubleClickHeight, kowanne da lamba 4. Na mayar da su 10 bai wadatar ba, a 30 ne Baba Alhaji ya fara buɗe folda a jere ba kuskure. Sai an fita daga asusun an sake shiga kafin canjin ya kama, kuma da yake saitin na kowane asusu ne, wanda ya buɗe wa ɗalibai asusu dabam-dabam sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon duk wanda zai gwada ya fara adana kwafin wannan reshe kafin ya taɓa komai.

Na ɗauka an gama, ashe rabi aka yi. Folda tana buɗewa, amma fayiloli suna ta bin kibiya suna ɓacewa kamar da. Dalili shi ne ja da dannawa ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Tazarar da hannu zai motsa kafin kwamfuta ta ɗauka ana jan abu tana wani reshe, wato Desktop a ƙarƙashin Control Panel ɗin nan na cikin rajista, da sunan DragWidth da DragHeight, su ma a kan 4. Da na ɗaga su zuwa 20 sai ɓacewar fayil ta tsaya cak. A nan akwai buƙatar lura, domin idan lambar ta yi yawa, mai son jan abu da gangan zai ji kamar abin ya manne, sai ya yi tafiya kafin ya biyo shi. Haka ma murabba'in danna biyu, idan ya yi faɗi ainun ga kuma lokaci an tsawaita, wanda ya taɓa abu biyu maƙwabta a jere zai iya buɗe abin da bai nufa ba. A wurinmu 30 da 20 sun zauna daidai, amma fuskar da ta fi tamu yawan ɗigo za ta iya neman fiye da haka.

Bidiyon ya nuna mini wani abu kuma da ba na cikin na'ura ba. Ɗakin aron makarantar Islamiyya ne, bencinan na yara ne, teburan kuwa dogaye, don haka gwiwar hannun dattijo a rataye take, babu abin da ya tokare ta. Mun samo kujerun roba masu tsayi, muka matsar da maus ciki yadda damtse zai kwanta a kan tebur, muka ce su dasa gindin tafin hannu su bar yatsa kaɗai ya yi aiki. Fuskar teburan mai sheƙi ce, irin wadda take rikita hasken da ke ƙasan maus, sai muka shimfiɗa kwali mai kauri. Mun kuma rage gudun kibiyar, muka ƙara mata girma, muka mayar da ita ruwan ɗorawa domin masu raunin gani.

Mun yi saɓani da wani abokin aikina a kan wani zaɓi na File Explorer, tagar da ake duba fayiloli da ita, wanda ke sa danna ɗaya ya buɗe abu. Shi yana ganin a kunna shi a huta. Ni ban yarda ba, domin a wannan tsari tsayar da kibiya a kan abu ma zaɓensa ne, kuma duk ɗan kuskuren yatsa buɗewa ne, ga shi ranar da dattijo ya zauna gaban kwamfutar ɗansa zai tarar da wani hali dabam. Hujjar tasa ita ce gyaran rajistar ma ba zai bi su gida ba, kuma gaskiya ya faɗa. Saboda haka muka tsaya a kan koya musu hanya ta biyu wadda ke aiki a kowace kwamfuta mai Windows: a danna sau ɗaya, a ɗage hannu, a buga Enter. Mun rubuta wannan a ƙananan katuna, da boko ga masu boko, da ajami ga waɗanda karatunsu na allo ne, kuma na lura masu ajamin sun fi kowa riƙe katin nasu.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne na'urorin kansu. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutocinmu kuwa tsofaffi ne da aka ba mu kyauta, ba su da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin na'ura da Windows 11 take buƙata, kuma ban so mu fara darasin intanet da imel a kan tsarin da ba ya samun gyaran tsaro. Na ɗora Linux Mint mai Xfce, wani tsarin da ake sawa a madadin Windows, a kan guda ɗaya don gwaji, na kuma tarar lokacin danna biyu da tazararsa da ma'aunin ja duk suna fili a tagar saitin maus, ba sai an shiga wata rajista ba. Asabar mai zuwa Baba Alhaji da Hajiya mai atamfa za su zauna a kanta, idan hannunsu ya karɓe ta sai mu juya sauran kafin mu shiga darasin imel.