Ruwan cikin batir da zafin Legas

Sana'ata haɗa wutar sola da inbata, da sayar da batura da duba lafiyarsu. Shagona yana Ojo, kusa da kasuwar Alaba ta kayan lantarki, kuma mafi yawan masu ba ni aiki 'yan uwanmu ne 'yan Arewa: masu cajin waya, masu firjin ƙanƙara da ruwan sanyi, kwamitocin masallatai a Agege da Idi-Araba, da 'yan kasuwar Alaba Rago. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, sannan a Afrilun 2024 aka mayar wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wutar NEPA awanni da yawa, yunit ɗaya na wuta naira 225, mutanen da a da janareta kaɗai suka sani suka fara sallama a ƙofar shago.

Tambayar kowa biyu ce, nawa ne, kuma awa nawa zai ɗauke ni. Ba mai tambayar ruwan da ke ciki, alhali yawancin baturan da ake dawo mana da su a mace ta nan ajalinsu ya zo. Kowane batir faranti iri biyu ne da ruwa a tsakaninsu, kuma ta cikin ruwan nan ƙwayoyi masu caji ke kai da komo. In ruwan ya ƙafe ko ya gurɓace, farantan ba su da sauran amfani.

Batir ɗin dalma, wanda muka fi sayarwa, tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859. Ɗaki shida ne a cikin mai bolt 12, kowane ɗaki na ba da bolt 2, ruwansa kuwa asid ne da aka sirka da tataccen ruwa. Duk lokacin caji wani ɓangare na ruwan yana tsinkewa ya zama iska, zafi kuma yana ƙara kwashe shi. Masu ƙera shi a kan digiri 25 suke yin lissafinsu, kuma a sana'armu an san cewa ƙarin kamar digiri 10 a kan haka yana raba kwanan batir biyu. To ka duba shagon kwano a Alaba Rago da azahar, an cusa batura huɗu ƙarƙashin kanta, ba taga. Wata takwas mai shi zai zo yana cewa, "Malam, kayan nan naka ba su da auki." In na buɗe murfi sai in ga farantai sun fito fili, ko kuma yaron shago ya ɗura fiya wata ko ruwan rijiyar burtsatse, gishirin cikinsa ya ci farantan. Tataccen ruwa kawai ake ƙarawa, ba a ƙara asid. Wannan ne karatun farko da nake yi wa duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin ya taɓa sufana.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai game da mataccen batir. 'Yan gwangwan suna sayensa da daraja saboda dalma, amma da yawa a kwata suke tuttular da asid ɗin don kaya ya yi sauƙin ɗauka. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata ya ga ana fasa batir a tsakar unguwa ya yi shiru ba.

Yanzu masu hali sun koma litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Irin da muke sa wa inbata kowane ɗaki bolt 3.2 ne, a jera sha shida su ba da 51.2. Ba ya son ƙarin ruwa, ya fi daɗewa, ya fi sauƙin ɗauka. Sai dai ruwan cikinsa ba ruwa ba ne irin wanda muka sani, domin ruwan sha ba ya jure wannan ƙarfin wuta. Gishirin litiyam ne aka narkar a cikin wani sinadari mai kama wuta. In ɗaki ɗaya ya yi zafi fiye da kima, ruwan ya zama tururi, ya kumbura, ya fashe, zafin ya kama na kusa da shi. Mai bolt 3.2 ɗin nan ya fi sauran haƙuri, amma na waya da na kwamfutar hannu ba su da wannan haƙurin, kuma a kasuwa akwai masu tsinto tsofaffinsu su haɗa su a sabon akwati da allon tsaro na jabu, wato na'urar da ya kamata ta yanke wuta in caji ko zafi ya yi yawa. Ba na sa irin wannan ko nawa za a ba ni. Kasuwa ce, shago jikin shago, wani ma a ciki yake kwana.

Ƙanena da ke karatun kimiyyar sinadarai ne ya fara ba ni labarin abin da masana ke kira ruwan ayon (ayon shi ne sunan ƙwayoyin nan masu caji). Ya ce, "Yaya, gishiri ne zalla, ba a narkar da shi a cikin komai ba, shi da kansa yake ruwa." Gishirin miya sai wuta ta kai digiri 801 yake narkewa, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne masu kama juna tam. Waɗannan kuwa ƙwayoyinsu manya ne marasa daidaito, ba sa iya jeruwa su daskare, don haka suke zama ruwa ƙasa da digiri 100, wasu ma a cikin ɗaki haka nan. Masani Paul Walden ya bayyana wani tun 1914, mai narkewa a digiri 12, kuma a 1992 aka samu waɗanda iska da danshi ba sa lalata su nan take.

Abin da ya kama hankalina shi ne kusan ba ya yin tururi. Ruwan da ba ya tururi ba zai ƙafe a shagon kwano ba, da wuya kuma ya kama wuta. Wasu nau'o'insa suna jure sama da bolt 4 ba su tsinke ba. A 2015 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun haɗa batir na alminiyam da irin wannan ruwa, suka yi masa caji fiye da sau 7,500, suka kuma huda shi da na'urar ɓula rami bai kama da wuta ba, ko da yake ƙarfinsa bai wuce kamar bolt 2 ba.

Babban aibinsa kauri. Ƙwayoyin caji suna tafiya a cikinsa da nauyi, batir ya kasa ba da wuta da sauri. Amma halinsa halin manja ne, a sanyi ya yi kauri, in ya ji ɗumi ya saki jiki. Abin da ke hana shi aiki a hunturun Turai, a Legas ko Sakkwato sauƙi zai samu. Shi ya sa nake ganin masu bincikenmu na gida su ya fi kamata su sa wannan abu a gaba, su gwada shi a irin zafin da baturanmu ke kwana a ciki. Sauran matsalolin suna nan: yana da tsada ƙwarai, tace shi na da wahala, da yawansa suna zuƙar danshin iska, Legas kuwa danshi gidansa, wasu kuma suna da guba, ba abin zubarwa a kwata ba ne.

Ban taɓa ganin batir mai wannan ruwa a kantunan Alaba ba, kuma ina faɗa ne saboda masu daɗin baki. Batir ɗin da ake kira jel, wanda wasu ke cewa ba asid a cikinsa, asid ɗin nan ne aka daskarar da garin silika, zafi na kashe shi kamar kowane, kuma shi ba a iya ƙara masa ruwa. Ranar da dillali ya shigo mini da mai ruwan ayon, zan fara neman takardar gwajinsa a digiri 40, in ga garantin shekara nawa aka rubuta, in kuma tabbatar zai hau kan inbata mai bolt 48 da mutane suka riga suka saya, don mai cajin waya a Agege ba zai iya sauya kayansa gaba ɗaya ba.