Alhamis: Yinin da Kwamfuta Ta Yi Ta Neman Izini

Na zauna da sassafe da niyyar gama rahoton da na yi alkawarin turawa kafin sha biyu. Ina buɗe kwamfuta, ko fayil ɗin ban taɓa ba, wani ɗan akwati ya leƙo daga kusurwar allo: akwai sabuntawa, a sake kunnawa yanzu ko anjima? Na danna anjima. Ban gama sakin layi na farko ba manhajar firinta ta fito da nata. Firintar nan fa tana can lulluɓe, rabon da a buga takarda da ita har na manta. Na rufe. Sai ta karanta PDF, sai ta tsaro, wadda ta zo da jan rubutu kamar gida ya kama da wuta, ina dubawa ashe so take in sayi babban samfurinta.

Wajen goma da rabi na tashi amsa waya. Ina dawowa na tarar da allo ya rine, ɗigo-ɗigo suna zagaye, an rubuta kada in kashe kwamfuta. Kashi 30 cikin ɗari. Na ja kujera na zuba mata ido. Lambar nan ba ta san agogo ba: ta yi tsalle daga sifili zuwa 30 cikin ƙiftawar ido, sannan ta kafe, fanka na ta huci, batir na ta sauka. Na jawo caja na jona. Da ta kai 100 sai ta mutu, ta farfaɗo, ta koma ƙirge daga farko, wai tana share-share. Rahoto dai sai bayan ɗaya ya tafi, da ɗan saƙon ban haƙuri a samansa.

Da rana na kira ƙanena, shi ne mai gyaran kwamfutoci a wurin aikinsu, na sauke masa duk abin da ke cikina. Ya bari na gama tukuna. Ya ce, "Yaya, ai ba mugunta ba ce. Fayil ɗin da kwamfuta take aiki da shi ba ya musanyuwa tana kunne, dole sai ta kwanta a cire a sa sabo. Shi ya sa take naci a kan sake kunnawa." Wannan na yarda. Sai ya ɗauko mini labarin cutar kwamfuta mai suna WannaCry, wanda kullum shi ne sandarsa in muna wannan musun. A watan Mayun 2017 cutar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe fiye da 150, ta ce sai an biya dala 300 ta Bitcoin kafin a saki fayilolin mutum. Asibitocin gwamnati a Ingila har soke ganin marasa lafiya suka yi, dubbai. Abin takaicin shi ne Microsoft ta riga ta toshe ƙofar da cutar ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ta kama galibi waɗanda ba su saka gyaran ba ne.

Na ce masa na ji, amma shi ma ya tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawa ɗaya tak daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Ba ɗan kutse ba ne ya yi wannan, gyara ne ya ɓata. Ya yi dariya ya ce wancan na kamfanoni ne, bai shafi ta gida ba. Haka ne. Amma wanda ya taɓa sabunta wani abu ya wayi gari sauti ya ɗauke, ko maɓallin da ya saba dannawa ya ƙaura wani lungu, ba za a ce masa ya cika tsoro ba.

Bayan mun ajiye waya na ci gaba da juya maganar, kuma na ga inda take min ciwo. Ni ba sabuntawar nake ƙi ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne duk da murya ɗaya suke kira. Wanda ya zo toshe ramin da ɓarayin intanet ke shigowa da wanda ya zo sauya launin tambari, akwatinsu iri ɗaya, gaggawarsu iri ɗaya. In ka danna don ganin me ke ciki, sai ka tarar da layi guda: an gyara wasu kurakurai, an inganta aiki. Waɗanne kurakurai? Oho. Kamar yaron da kukansa ɗaya ne, ko alawarsa ce ta faɗi ko wuta ce ta ƙone shi. Dole wata rana uwar ta ji ta ƙi tashi. Hannuna yanzu ya riga idona kaiwa ga "anjima". Ba ni na koya masa ba, su suka koya masa, kuma ranar da mai muhimmancin ya zo shi ma haka za a yi masa.

Kuma kowa da kalandarsa. Microsoft dai tun 2003 ta tsayar da Talata ta biyu a kowane wata don gyare-gyaren tsaro, aƙalla mutum ya san ranar zuwan baƙo. Burauzar Firefox ta koma fitar da sabon samfuri duk mako huɗu a 2020, Chrome ta bi sahu a 2021. Waɗannan manya ke nan masu tsari. Ƙananan kuwa, kowace ta ajiye ɗan aikenta a cikin kwamfuta, yana tashi tare da ita, yana leƙa intanet, yana cin data a ɓoye, yana jiran ka nutsu cikin aiki. A waya duk manhajoji ta rumbu ɗaya suke sabuntuwa, yawanci da dare tana caji, ba wanda ya tambaye ka. Me ya hana a yi wa kwamfutar gida haka?

Da yamma abin ya ɗauki wani salo. Ɗiyata tana aikin makaranta sai na ji ta ce, "Abba, ta ce burauza ta tsufa, in danna a sabunta?" Har na buɗe baki zan ce ta danna kawai mu huta, sai na taso na duba. Saƙon ba daga burauzar yake ba, a cikin shafin yake, an zana shi da tambari da komai, adireshin sama kuma wani dogon suna ne marar kan gado. Da ta danna, fayil zai sauko, kuma ba sabuntawa ce a cikinsa ba. Na nuna mata cewa burauza ta gaskiya daga saitunanta take sabunta kanta, ba ta aiko shafi ya roƙe ka. Ta ce, "To ai iri ɗaya ne da waɗanda kake dannawa kullum." Ban sami abin ce mata ba. Macutan sun lura an horar da mu a kan danna akwati ba karatu, shi ne suka ɗinka irin rigar.

Bayan kowa ya kwanta na zauna na yi abin da ya sawwaƙa. Na shiga saituna na faɗa wa kwamfuta sa'o'in da nake aiki, don kada ta sake kunna kanta a cikinsu. Na nuna mata cewa datar gidan a ƙirge take, ta rage saukar da manyan kaya ba sallama. Na buɗe jerin abubuwan da ke tashi tare da ita, na kashe 'yan aiken nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ko sunansu ban taɓa ji ba. Manhajar firinta na cire ta ɗungurungum, in buƙata ta taso a sake sakawa. Gyaran tsaro na babbar manhaja da na burauza kuwa na bar su su riƙa shiga da kansu. Wani saƙon tallan da ke shigar burtu da sunan sabuntawa na neme shi har na gaji, ban ga inda ake kashe shi ba.

Saura tsohuwar ta tebur da yara ke kallo a kanta. Windows 10 ce a ciki, kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025. Ƙanena ya ce in duba ko tana da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro na cikin kwamfuta, don sai da shi Windows 11 ke hawa. In babu, ko dai a sa mata Linux, wata babbar manhaja a madadin Windows, ko a raba ta da intanet. Ya ce zai shigo ranar Asabar da filashi, ni kuma in kwashe hotunan da ke ciki kafin ya iso.