Abin da koyar da taurari da kwamfuta ya koya mini

Darasin juyawar duniya ne ya fi ba ni wuya a aji. Ka zana da'ira a allo, ka ce duniya ce ke juyawa, yara su gyaɗa kai, amma kowa ya san da idonsa ya ga rana ta fito ta gabas. Alli ba ya motsi, nan gizo ke saƙar.

Ɗakin kallon taurari, wato planetariyom, don wannan matsala aka yi shi. Rufinsa kamar ƙwarya ce a kife, ana haska sama a cikinsa. Na farko kamfanin Zeiss ne ya ƙera a Jamus a 1923, da fitilu da gilasai. Mai aiki da kwamfuta, Digistar, a 1983 ya fara a Amurka. Shi wannan lissafi yake yi: ka ba shi wuri da rana da sa'a, ya duba kundin taurari, ya fitar da inda kowanne yake, majigi mai faɗin gilashi ya watsa hoton a rufin.

Mu nan Maradi makarantarmu ba ta da irin wannan ɗaki. Abin da muke da shi Stellarium, manhajar kyauta da Fabien Chéreau ya fara a 2001, sai majigi da farin bango, sai addu'ar kada a ɗauke wuta. Lissafin dai ɗaya ne.

Na lura kyawun hoto ba ya koya wa yaro komai, maɓallin gaggauta lokaci shi ne malamin. In na sa dare guda ya wuce cikin minti ɗaya, sai su ga duk taurari na kewaya tauraron arewa, shi ko yana tsaye, wajen digiri 13 da rabi bisa doron ƙasa, daidai matsayin Maradi daga ikwaita. In na mai da mu Agadas sai ya ɗan ɗaga. Nan hannuwa ke tashi.

Kaza da 'ya'yanta, wato taurarin nan da ke cure wuri guda, ma haka. Yaran da suka zo daga ƙauye sun ji a bakin tsofaffi tana ɓacewa gab da damina. Sai in tura kwanaki daga Afrilu zuwa Mayu, su ga rana na matsowa kusa da ita har haske ya haɗiye ta, a Yuni ta ɓullo da asuba. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe ba tafiya take yi ba." Yanzu kafin in kunna majigi, kowa sai ya tambayo sunan tauraro ɗaya a gida, mu neme shi tare a bango.