Aikin Ƙaramin Asibitin Haƙori: Komai Zurfin Rami Yake Bi

Mafi yawan masu shigowa asibitinmu da hannu a kunci magana ɗaya ce a bakinsu: "Likita, a cire shi kawai in huta." Mutum ya kwana uku bai runtsa ba, ya cusa kanumfari a ramin, ya sha maganin kashe zafi har cikinsa ya fara ƙuna, wani ma ya ɗiga turare ko ruwan batir ya ƙone dasashinsa. Ba ma ce masa eh ko a'a sai mun gano inda ruɓar ta kai. A sana'ar nan, irin aikin da za a yi, da yawan zuwan da mutum zai yi, da kuɗin da zai kashe, duk zurfin ramin suke bi.

Babban mutum haƙora 32 gare shi idan sun cika: na gaba 8 masu yanka, fiƙa 4, ƙananan turame 8, manyan turame 12. Huɗu daga cikin manyan su ne na can ƙurya da ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25, a wasu kuma su maƙale cikin ƙashi. Na yaro 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata 6, su cika wajen shekara 3, famfara ta fara wajen shekara 6. Haƙorin gaba saiwa ɗaya gare shi, babban turmin ƙasa yawanci biyu, na sama uku. Shi ya sa cire turmi da cire haƙorin gaba ba ɗaya ba ne, a wahala da a farashi.

Farin da ido ke gani shi ne ɓawo. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma kaurinsa ko a kan tsinin turmi bai wuce milimita 2.5 ba, yana kuma sirancewa in ya gangaro wajen dasashi. Ba ya jin zafi, in ya fashe kuma ba ya sake tsirowa. Ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan ruwan ɗorawa da ake kira dentin, ya fi laushi, cike yake da ƙananan kafofi masu kai saƙo ciki. In ka sha ruwan sanyi ka ji tsam har ƙwaƙwalwa, shi ne ya buɗe. A tsakiya ɓargo yake, wanda mutane ke ce wa jijiya, da hanyoyin jini a cikinsa, a kulle cikin ɗaki mai bangon da ba ya motsi. In ya kumbura ba shi da wurin buɗawa, shi ne ciwon nan mai bugawa kamar kalangu, wanda ke ƙaruwa da zarar mutum ya sa kai a matashi. Saiwar kuma ba manne take da ƙashin muƙamuƙi ba, wasu siraran zaruruwa ne suka ɗaure ta, su ne ke ba haƙori damar ɗan lotsawa in an tauna abu mai tauri.

Har yau akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har da masu turara hayaƙi a baki su nuna maka ita a cikin ruwa. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizayar ɓawo. Duk sa'ad da zaƙi ya shiga baki, yawu na buƙatar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ya kashe tsamin. Don haka wanda ya shanye lemon kwalba a zama ɗaya ya fi sauƙin ɓarna a kan mai kurɓar shayi da sukari tun safe har azahar, ko yaron da alewa ba ta barin kuncinsa, ko jaririn da ake kwantar da shi da kwalbar madara mai zaƙi a baki. Man goge baki ya zama mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawo, a duba kwalin a ga 1000 zuwa 1450 ppm. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. A goge sau biyu a rana, minti biyu, a tofar, kada a kuskure da ruwa nan take. Asuwaki yana da kyau, ba ma hana kowa, sai dai da wuya ya kai bayan turmin ƙurya yadda buroshi ke kaiwa.

Kayan bincike ba su da yawa: ƙaramin madubi, ƙarfe mai tsini, auduga da aka fesa wa sanyi, da na'urar hoto. Audugar ce ke faɗin gaskiya. In an ɗora ta mutum ya ji zafi ya wuce cikin 'yan daƙiƙu, ɓargon na da sauran lafiya, ciko ya isa. In zafin ya zauna ya haura rabin minti, ko yana tashi da kansa ba tare da an taɓa ba, ɓargon ya tafi hanyar da ba ta da dawowa. In kuwa bai ji sanyin ba sam, amma da aka ƙwanƙwasa haƙorin da ƙotar madubi ya zabura, to ɓargon ya mutu, cutar ta sauka ƙarshen saiwa. Wannan ne matakin da ke yaudarar mutane. Za ka ji an ce, "Ai ya daina da kansa." Jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma tana taruwa a ƙashi, bayan wasu makonni ko watanni fuska ta haye.

Ciko shi ne aikin da muka fi so ya yi yawa, shi ne kuma ya fi ƙaranci, saboda ba a zuwa da wuri. Ana kashe wurin da allura, yawanci lidoken kashi 2 cikin 100 mai haɗe da adirenalin, kwalba ɗaya mililita 1.8. A kwashe ruɓar da injin haƙa mai fesa ruwa, domin in babu ruwa zafin gogayya kaɗai na iya dafa ɓargo. In farin ciko ne, a shafa wa ramin wani tsami na daƙiƙa 15, a wanke, a sa gam, sannan a zuba cikon kaɗan-kaɗan, kowane zubi kada ya wuce milimita 2, a haska masa shuɗiyar fitila daƙiƙa 20 ya daskare. Abubuwa uku ke ɓata shi. In yawu ko jini ya taɓa ramin lokacin sa gam, cikon zai faɗi ko ya riƙa yoyo ta gefe. In aka cika ramin a zubi ɗaya don sauri, ƙasan ba zai daskare ba. In kuma cikon ya fi sauran haƙora tudu ko da kaurin gashi ne, mutum zai dawo yana cewa ba ya iya tauna, shi ya sa muke sa shi ya ciji takarda mai launi mu goge inda ya yi alama. Ga yaran da ba sa zama a kujera, akwai wani ciko da ke sakin fuloraid a hankali, ya fi jure laima, amma bai kai farin ciko ƙarko ba.

In ɓargo ya lalace, hanya biyu ce: wanke saiwa ko cirewa. Wanke saiwa shi ne a huda haƙorin ta sama, a nemo hanyoyin da ke cikin saiwoyi, a auna tsawon kowace, a riƙa share su da siraran ƙarafa masu kama da allura ana wankewa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a busar, a toshe da wata roba da ake kira gata-faca. Haƙorin gaba hanya ɗaya ce, turmi uku ko huɗu. Turmin sama na farko yakan ɓoye ta huɗu, siririya kamar zare, kuma rashin gano ta na cikin manyan dalilan da ciwo ke dawowa bayan an biya kuɗi mai yawa. Aikin kan ci zuwa biyu ko uku. Nan muke shan fama, domin da zafin ya lafa bayan zuwan farko, wasu ba ka ƙara ganinsu, cikon wucin gadi ya faɗi, haƙorin ya tsage. Turmin da aka wanke wa saiwa kuma yana son hula a kansa, wato murfi mai ƙarfi da ake rufe shi da shi, in ba haka ba wata rana aya ko ƙashin nama zai raba shi biyu. Kuɗin duka ya ninka na cirewa sau da yawa, ba ma ɓoye wa kowa wannan, amma muna faɗa masa cewa giɓin turmi ba ya zama haka nan. Na bayansa zai kwanto, na samansa ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa.

Cirewa ba fizga ba ce. Ana sa ƙarfe a tsinke zaruruwan nan, a riƙa rausaya haƙorin har ramin ƙashin ya ɗan buɗe, sannan ya fito. Mai gaggawa shi ke karya saiwa. Kafin a taɓa kowa muna auna hawan jini, mu tambayi ciwon sukari, juna biyu, da ko yana shan maganin tsinka jini. Bayan an cire, ya ciji auduga minti 30. Ranar nan babu kuskure baki, babu yawan tofi, babu sigari, babu abu mai zafi, kuma kada harshe ya riƙa leƙa wurin. Dalili shi ne gudan jinin da ya daskare a ramin, shi ne murfin ƙashi. In ya fita, kwana 2 zuwa 4 bayan aikin ciwo zai taso wanda ya fi na farko, har kunne, da wari. Maganinsa a dawo a wanke ramin a sa magani, ba a tafi kemis a sayi kafso ba. Bayan awa 24 sai a fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tun da an ambaci kafso: amoksisilin da Flagyl ba sa warkar da ciwon haƙori. Ɓargon da ya mutu jini ba ya shiga cikinsa, to ta ina maganin zai kai? Suna da amfani in kumburi ya bazu ko da zazzaɓi, tare da cire tushen cutar. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa, ya ɗaga harshe, mutum ya kasa haɗiyar yawu ko buɗe baki, wannan ba na ƙaramin asibiti ba ne, a take muke tura shi babban asibiti don yana iya toshe numfashi. Haka yaro mai tamowa da gyambo a dasashi, da warin baki mai ƙarfi da kumburin kunci, ana tsoron cutar noma ce, mai cin fuska cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibitin da aka keɓe mata tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

A wajen manya kuwa, ciwon dasashi na kwashe haƙora masu yawa ba tare da rami ko ɗaya ba. Dauɗar da ba a goge ba takan daskare ta zama tsatsa mai taurin dutse, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini in ana asuwaki, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa janyewa. Muna aunawa da ƙarfe mai zane: aljihun dasashi mai lafiya milimita 1 zuwa 3 ne, in ya kai 5 ko 6 ƙashi ya tafi. Bayan an kankare tsatsar wasu kan dawo da ƙorafi cewa mun buɗe musu wushirya, haƙora na girgiɗi. Tsatsar ce dama ta cike gurbin ƙashin da ya zaizaye. Mai ciwon sukari da mai shan sigari su suka fi shiga wannan.

Haƙorin da ya fi ba mu takaici shi ne babban turmi na farko. Yana fitowa wajen shekara 6 a bayan haƙoran yarinta, babu wanda ya faɗi kafin ya fito, sai iyaye su ɗauka shi ma na famfara ne. Yaro ɗan shekara 9 ya zo da shi a ruɓe, uwar ta ce, "Ai zai faɗi wani ya fito." Babu wani a bayansa. Da an kawo yaron yana ɗan 6 ko 7, da an toshe kwaruruwan samansa da ɗan siririn ciko cikin mintuna, ba allura ba haƙa. Haka in yaro ya faɗi haƙorin gaba na dindindin ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai ba ta saiwa ba, kada a kankare, a tsoma shi cikin madara a kawo cikin awa ɗaya, sau da yawa yakan kama. Na yarinta kuwa ba a mayarwa.

Abin da mai zuwa ba ya gani shi ne ɗakin baya. Kujera, injin iska mai juya abin haƙa, injin zuƙe yawu, fitila, duk wuta suke ci, don haka janareta da mai na cikin farashin kowane ciko. Mafi yawan kayan aiki daga waje ake shigo da su, in dala ta motsa kwalin allura ya motsa. Kowane ƙarfe da ya shiga baki sai an wanke shi, an nannaɗe, an sa a tukunyar tururi mai matsi, digiri 134 na aƙalla minti 3 ko digiri 121 na minti 15 zuwa 20, ban da lokacin zafafa da busarwa. Tafasawa a ruwa ko shafa sifirit ba ya maye gurbin wannan, kuma ciwon hanta nau'in B ta irin wannan sakaci yake bi. In an ɗauke wuta tukunyar na tsakiyar aiki, daga farko ake sakewa, ko da layi ya cika mutane na duba agogo.