Ina hango Kinshasa daga tsallaken kogi

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan ofis da katin shaidar aiki, bayan shekara bakwai ina yawo da jakar kamfani daga wannan ƙasa zuwa waccan. Yaran da za su gaje ni sun ce in rubuta musu abin da hanya ta koya mini. Zan rubuta, amma dole in fara da Brazzaville, don har yau abin bai fita daga raina ba.

A shekarata ta biyu aka tura ni kai takardun neman wata kwangila a Kinshasa. Sharaɗin masu kwangilar shi ne wakilin kamfani ya zo da kansa, ya sa hannu a gabansu kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Alhamis. Oga ya duba kuɗin tikiti, ya ga sauka a Brazzaville ya fi araha a makon, sai ya ce in sauka can in tsallaka ta ruwa. A taswira maganarsa daidai ce. Kogin Kwango ne kawai tsakanin biranen biyu, kuma ƙaramin jirgin ruwa mai gudu ba ya cin rabin awa. Na tambaye shi batun biza, ya ce: "Malam, kai dai haɗa kayanka, an gama komai."

Sai daren tafiya direba ya kawo mini fasfo a cikin ambulan, ni kuwa na jefa a jaka ban buɗe ba. Laifina ke nan, ban taɓa musun sa ba.

Na sauka a filin jirgin Maya-Maya ranar Talata da dare. Laraba da sassafe na isa tashar jiragen ruwan da suke kira Beach. Jami'in shige da fice ya karɓi fasfona, ya yi ta buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya har bangon ƙarshe, ya sake komawa farko, sannan ya turo mini shi ta ƙasan gilashi yana girgiza kai. Biza ɗaya ce a ciki, ta Jamhuriyar Kwango, inda Brazzaville take. Ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda Kinshasa take, ba a ma nema ba, domin wanda aka sa aikin a ofis ya ɗauka Kwango ɗaya ce. Na garzaya ofishin jakadanci, suka ce a ƙa'ida sai dai in koma ƙasar da nake zaune in nema. Su ma aikinsu suke yi.

Ranar Alhamis ɗin a bakin kogi na wuni. Ga dogayen benayen Kinshasa ina ƙirga su da ido, ga jakar takardu a kan cinyata, takardun da mutum shida suka yi wata biyu suna haɗawa, ga 'yan dako suna ta loda buhuna a jirgi suna wucewa. Da agogo ya buga sha biyu na kira ofis, ba wanda ya ɗaga.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da na tarar da na dawo. Takardar tuhuma tana jirana a kan tebur, wai sakacina ya jawo wa kamfani asara. Aka cire kuɗin otal da na tikiti daga alawus ɗina na wata uku. A taron ma'aikata oga ya kafa misali da ni, bai ambaci cewa shi ya zaɓi hanyar ba, bai ambaci "an gama komai" ɗin da ya ce ba. Laifi tudu ne. Na yi shiru a ranar saboda ina da iyali, kuma har gobe ina ganin da na yi magana da ya fi.

Tun daga nan na daina karɓar umarnin tafiya da baki. Duk wanda ya ce in bi ta hanya kaza, sai ya rubuto. Fasfona kuma ni nake kai shi, ni nake karɓo shi, in karanta sunan ƙasa da ranar shiga da adadin shiga tun ban bar bakin taga ba. Wasu sun ce na cika tsantseni. A shekara biyar da suka biyo baya ban sake rasa taro ko ɗaya ba.

Ku sani wanda ke zaune a ofis taswira yake kallo, ku kuma takarda za a tambaye ku. Cikin ECOWAS akwai sauƙi, tun yarjejeniyar 1979 kuna da kwana 90 ba biza. Da zarar kun fita daga nan lissafi ya canja. An sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta ƙasashen Afirka a Kigali a 2018, an fara aiki da ita a 2021, amma mutumin da zai raka kayan har yanzu layi yake bi. Ko Aliko Dangote ya koka a 2024 cewa biza 35 yake buƙata don zagaya nahiyar. Ruwanda da Benin da Gambiya da Seychelles sun buɗe ƙofa ga kowane ɗan Afirka, Allah ya sa saura su bi sahu.

Sauran kuwa ƙanana ne. Sefa iri biyu ce: ta ƙasashe takwas na yamma da ta ƙasashe shida na tsakiya, darajarsu ɗaya, amma mai tasi a Duwala ba zai karɓi wadda kuka ɗebo daga Kwatano ba. Katin rigakafin cutar shawara ya zauna cikin fasfo kullum. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. In ɗan Habasha ya ce muku ƙarfe biyu, ku tambaya da wane agogo, don su daga wayewar gari suke fara ƙirga, biyunsu takwas ɗinku ce. Kada ku yanki tikiti biyu daban-daban don rage kuɗi idan za ku sauya jirgi a Lome ko Addis Ababa. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa da ku. In kuma kun rasa madafa a baƙon gari, ku nemi zango. A Briqueterie ta Yawunde da Nima ta Akara na sami mutanen da suka warware mini cikin awa ɗaya abin da wayar ofis ta kasa a kwana uku.

Ranar sunan ɗana na biyu ina filin jirgin Nairobi, ta waya na ji an yi addu'a. Wannan ba ya shiga lissafin alawus.

Kafin in tafi na roƙi a cire takardar tuhumar nan daga fayil ɗina, tunda wanda ya rubuta ta ya san gaskiyar abin da ya faru. Aka ce za a duba. Na fito da fasfo uku cike da hatimi, ita kuma tana nan a inda aka ajiye ta.